Jawabi a Kan Mutuwar Ungulaye a Ƙasar Indiya

Yau zancen ungulu za mu yi. Na san waɗansu za su yi dariya, gama tsuntsuwa ce mummuna, mai ƙazanta. To, ku saurari abin da ya auku a ƙasar Indiya.

Yawancin mutanen Indiya ba su cin naman shanu. A da, in saniya ta mutu, sai a feɗe, a yar da mushen a bayan gari. Kafin a jima ungulaye sun sauko sun cinye, ba a ganin kome sai ƙashi. Haka aka saba tun kaka da kakanni, ba wanda ya taɓa ba su ko anini.

Wajen 1990 zuwa gaba aka soma yi wa shanu allurar wani magani mai kashe zafin ciwo, sunansa dikilofenak. Saniya takan ji daɗinsa. Amma in ta mutu da shi a jikinta, ungulun da ta ci naman sai ƙodarta ta lalace, cikin 'yan kwanaki ta faɗi. Tsakanin 1992 da 2007, akwai wani iri mai farin baya wanda cikin 1000 ɗaya tak ta saura.

Mushe kuwa ba ya rasa mai ci. Karnukan da ba su da ubangiji suka sami abinci a banza, suka yi ta hayayyafa. Sai dai aikinsu ba ɗaya ba ne. Cikin ungulu yana da tsami ƙwarai, yana narkar da ƙwayoyin cuta. Ita kuma ba ta cizon kowa. Kare fa? Ya ci rabi, ya bar rabi yana ruɓewa a bakin rafi, sa'an nan ya shigo gari da ciwon hauka a haƙoransa, ya ciji yara.

Sai a 2004 masana suka bayyana asalin abin. A 2006 gwamnatin Indiya ta hana ba dabbobi maganin nan. Duk da haka ungulaye ba su koma yadda suke ba, gama ungulu ƙwai ɗaya take yi a shekara, karya kuwa ta haifi shida a ciki guda.

Mu ma nan, dattawan cikinku sun tuna yadda ungulaye ke cika mahauta ran kasuwa. Yanzu garuruwa da yawa sai a shekara ba a ga ko ɗaya ba. Namu dai guba ake sa musu, a kai kawunansu kasuwa a sayar wa masu neman asiri.