Jawabin Sakatare: Haƙoran Yaranmu da 'Yancinmu a Asibitin Gwamnati



A ajinmu na yaƙi da jahilci wata baiwar Allah ta kawo mana kukan ɗanta mai shekara 8. Haƙoransa na ƙasa sun sha gaban na sama, haɓa ta turo waje, ko nama ba ya iya gutsura, yara suna ta yi masa ba'a. Shekara guda ba ta kai shi asibitin gwamnati ba, wai an ce mata sai da takardar shaidar ɗan asalin jiha.

Jama'a, wannan magana ba ta da tushe. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana hukuma nuna wa ɗan Nijeriya bambanci saboda garin asalinsa. Mu nan Mararaba a ƙaramar hukumar Karu muke, Jihar Nasarawa, amma Asibitin Ƙasa na Abuja da asibitin tarayya na Keffi duk namu ne. Kati za mu yanka kamar kowa.

Abin da ya fi damunmu shi ne lokaci. Tsakanin shekara 7 da 10 ƙashin muƙamuƙi bai ƙosa ba, likitan daidaita haƙora na iya jawo na sama gaba da wata na'ura da yaro ke ɗaurawa a fuska, galibi a gida. Idan ƙashi ya gama girma, mai tsanani sai tiyata. Sau da yawa gado ne, don haka a daina ɗora wa uwa laifi.

Aikin yana cin kuɗi, ba mu ɓoye muku ba. Ranar Litinin za mu raka ta Keffi a duba yaron, mu ji nawa ne. Mai irin wannan yaro ya same mu bayan taro.