Gini a Bakin Dutse Mai Aman Wuta



Sharhinmu na yau ya leƙa tsibirin Lanzarote na ƙasar Sifaniya, daura da gaɓar tekun Maroko. Daga 1730 zuwa 1736 duwatsu sun yi ta aman wuta a can, suka binne ƙauyuka da gonaki. Yankin da abin ya shafa, Timanfaya, ya zama gandun ƙasa a 1974, kuma baƙi na tururuwa zuwa kallonsa.

To, yaya za a karɓi baƙi ba tare da an ɓata abin da suka zo gani ba? Mai zane ɗan tsibirin, César Manrique, da abokan aikinsa sun gina gidan abincin El Diablo da baƙin dutsen wurin. Ginin bai yi tsawo ba, ya saje da tudun da yake kai. Nama kuwa da zafin da ke tasowa daga ƙarƙashin ƙasa ake gasa shi, ba itace ba gawayi. Baƙi kuma a motar bas ake zagayawa da su ta hanya guda, domin sawun ƙafa a kan tokar dutsen yakan daɗe bai goge ba.

Mu ma muna da irin waɗannan duwatsu a tudun Biu na jihar Borno, da tafkin Tila da ke cikin tsohon bakin dutse. Ranar da hukuma za ta gina wa baƙi masauki a can, ta fara da dutsen wurin da maginan wurin.

Mu kwana lafiya.