MAGANA GA SAMARI DA 'YAN MATAN KASUWA

    

Yau maganata da ku ce, samari da 'yan mata, ku da ku ke tsakanin shekara 13 da 19, masu-jiran shago, da masu-talla, da masu-tura kura, da masu-koyon ɗinki ko kanikanci. Ba ku da kaɗan ba ne. A ƙasar Nijar kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba. Iyaye da iyayengiji kuma kada su tashi, gama akwai rabonsu a gaba.

Ɗana, na san abin da ke damunka. Jiya-jiya kai yaro ne, yau muryarka ta buɗe, wandonka ya ɗage, amma har yanzu in manya suna magana a kan ce ka yi shiru. Ka kan yi fushi ba ka san dalili ba. Wannan ba ciwo ba ne, girma ne. Likitoci sun gane cewa sashen ƙwaƙwalwa na wajen goshi, wanda ya ke auna abu kafin a aikata shi, ba ya gama ƙosawa sai mutum ya kai wajen shekara 25. Watau jikinka ya riga hankalinka isa. Kana kama da sabuwar mota mai-ƙarfin inji wadda ba a gama ɗaure mata birki ba tukuna. Mai-tuƙa irin wannan mota ba ya gudu a gangara.

Gangara ta fari ita ce kuɗin da ba naka ba. Maigida ya tafi sarin kaya, ya bar maka shago da akwatin ciniki. Da azahar aboki ya zo ya nuna maka waya, ya ce, "Sa jaka ɗaya a wasan ƙwallon yau, da dare ka kwashi jaka ɗari, ka mai da ta maigida, ba wanda za ya sani." Bari mu yi lissafin tare, gama ku 'yan kasuwa ne. A ce ka zaɓi wasa 10, kowane wasa kuwa rabi da rabi ne, kamar a jefa kwabo sama. Kafin duka goman su faɗo yadda ka ce, sau ɗaya ne cikin 1,024. Wane ɗan kasuwa ne za ya sari kaya sau dubu domin shi ci riba sau ɗaya? Masu-gidan caca sun yi wannan lissafi tun kafin su buɗe ƙofa, da kuɗin waɗanda su ka faɗi kuma su ke biyan hayar gidan. A Gana doka ta hana wanda bai kai shekara 18 ba yin caca, amma wayar da ke aljihunka ba ta ganin fuskarka.

Jakar fari ba ita ke kashe yaro ba. Ta biyu ce, wadda ya ɗauka domin shi cike ramin ta fari, sa'an nan ta uku, sa'an nan ƙarya ta biyo baya. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. In ka riga ka taɓa, ga shawarata. Kada ka jira ranar lissafi. Ka nemi wani babba wanda maigida ke jin nauyinsa, kawunka ko sarkin zongo ko shugaban layinku, ku tafi tare, ka faɗi adadin da bakinka, ka roƙa a riƙa cirewa daga ladanka. Za ka sha faɗa, watakila har da kunya a gaban mutane. Amma mai-faɗi da kansa ya kan sami wurin zama, wanda a ka kama kuwa labarinsa ya kan riga shi isa kowane layi na kasuwa. Jarin wanda ba shi da jari shi ne amana. Ku tuna da Yusufu. Shekararsa 17 sa'ad da 'yan'uwansa su ka sayar da shi ga fatake masu-gangarawa Masar. Ba shi da uba a kusa, ba shi da ko anini, amma ubangidansa ya danƙa masa dukan abin da ya mallaka, domin ya ga hannunsa da tsabta. Yana da shekara 30 ya tsaya gaban Fir'auna.

Gangara ta biyu ta fi ta fari santsi, ita ce ƙwaya. Mai-tura kura ya gaji, bayansa yana ciwo, sai wani ya miƙo masa tiramol, ya ce, "Haɗiye wannan, za ka yi aikin mutum uku." Ku ji gaskiyar wannan ƙwaya. Maganin ciwo ne mai-ƙarfi, aikinsa cikin jiki irin na ofiyom ne. Wanda likita ke rubutawa ya kan zama miligiram 50 ko 100, babban mutum ma ba a yarda shi wuce 400 a yini ba. Amma wanda a ke sayarwa a tebur da tasha ya kan kai 225 ko 250 a ƙwaya ɗaya, yaro kuwa ya haɗiye biyu ko uku da shayi. Ba ta ƙara ƙarfi ko kaɗan. Abin da ta ke yi shi ne ta toshe kunnen jiki, har ba ya jin kukan gajiya. Jaki yana nishi ƙarƙashin kaya, kai kuwa ka toshe kunnenka, ka ce jaki ya yi ƙarfi.

Bayan 'yan makonni jiki ya saba, ɗaya ba ta isa, sai biyu. Ranar da babu, sai zufa da ciwon gaɓoɓi da gudawa da rashin barci. In ta yi yawa kuma ta kan kā da mutum kamar mai-farfaɗiya, ko ta danne numfashinsa har shi mutu. Haka kuma ruwan maganin tari mai-kodin, wanda Nijeriya ta hana yinsa da shigo da shi a 2018 saboda ɓarnar da ya yi wa matasa. In kun ga yaro ya faɗi yana shure-shure, ku kawar da abin da za ya ji masa rauni, ku kwantar da shi a gefe ɗaya, kada ku cusa masa cokali ko ruwa a baki, ku kai shi asibiti. Kai kuma da ƙwaya ta riga ta kama, kada ka ce ka lalace. Ka tafi wurin ma'aikacin lafiya ka gaya masa yawan da ka ke sha, shi ya san yadda a ke ragewa sannu-sannu. Ka kuma sake wurin zama da yamma, gama zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Yawancin gajiyar nan da ke kai ku ga ƙwaya, barci ne maganinta. Mai-shekarunku yana bukatar sa'a 8 zuwa 10 kowane dare. Wanda ya kwana yana latsa waya har ƙarfe biyu, ya tashi da asuba buɗe shago, lalle za ya yi kuskuren canji, shi yi wa mai-saye tsawa. Ka ajiye waya nesa da tabarmarka.

Ke kuma 'yata, mai-faranti a ka, ina da magana da ke. In kina jin jiri da kasala da bugun zuciya, wani loto ƙarancin jini ne, gama jinin wata ya kan rage ƙarfen da ke cikin jini. Ki ci wake da zogale da hanta in ta samu, ki je a auna ki. Sa'an nan ki yi hankali da mai-sayen da ya ce za ya kwashe tallan duka in kin kai masa ɗaki. Ciniki a fili a ke yinsa. Gara ki koma da kwantai ki sha faɗa. In wani ya matsa miki, ko ya taɓa ki, laifin nasa ne, ba naki ba. Ki gaya wa innarki ko gwaggonki a ranar, kada ki kwana da shi. Kada kuma ki aika wa kowa hoton da ba za ki so mahaifinki shi gani ba, gama abin da ya shiga waya ba ya komowa.

To, iyaye da iyayengiji, ga rabonku. Yaron nan da ke shagonku ɗan wani ne, amana ce a hannunku kamar yadda kuɗinku ke amana a hannunsa. Ku yi lissafi da shi kowace yamma, kada ku bar shi wata uku da akwati sa'an nan ku zo da bulala. Ku yanka masa lada sananne, gama yaron da ba shi da nasa idonsa yana kan na wani. Ku ɗora masa kaya daidai wuyansa. Dokar yara ta Gana ta 1998 ta ce ba a ɗaukar yaro aiki sosai sai ya kai 15, aiki mai-hatsari kuwa sai 18. Uwa kada ta ce wa 'yarta, "Kada ki komo sai kin sayar," gama wannan kalma ta jefa 'yan mata da yawa cikin hannun mugaye. In yaro ya zo ya faɗi laifinsa, ku bar shi shi kai ƙarshen magana kafin ku buɗe baki. Wanda a ka mara ran da ya faɗi gaskiya ba za ya sake faɗinta ba.

Samari da 'yan mata, kafin ku kwanta yau kowa shi zaɓi babba ɗaya wanda za ya iya gaya wa damuwarsa, shi je shi gaishe shi gobe da safe. Allah shi tsare ƙuruciyarku, shi sa albarka a cikin nemanku. Sai mako mai-zuwa war haka, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.