An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Magana a kan Magoya Bayan Ƙwallo

Jawabin da aka yi wa ɗalibai da matasan ma'aikata a wani taron hutu a garin Musawa



Na san akwai waɗanda za su yi mamakin jin cewa ƙwallon ƙafa aka zo tattaunawa a taro irin wannan, alhali ga maganar taki, ga ta tsaro, ga ta aikin yi. Ina roƙonsu su yi mini haƙuri kaɗan. Duk wanda ya zauna a teburin mai shayi a nan Musawa, ko a tashar Malumfashi, ko a gidajen kallo na Funtuwa, daren da ƙungiyar da jama'a ke so ta sha kashi, ya san babu majalisar da ta fi wannan zafin muhawara. A nan ne saurayi ke fara koyon yanke wa shugabanci hukunci. Yadda kuwa ya koya a nan, haka zai yi gobe idan ya hau kujerar ofis. Saboda haka abin da nake so mu duba yau shi ne: idan ƙungiya ta shiga halin faɗuwa, me magoya bayanta ke cewa, kuma ina maganarsu ta dace, ina ta kauce?

Bari mu fara da abin da ya auku a idonmu. A shekarar 2022 manyan ƙungiyoyin ƙasar Hausa guda biyu, watau Katsina United da Kano Pillars, suka faɗo tare daga babbar gasar Nijeriya zuwa rukuni na ƙasa, su da Heartland ta Owerri da MFM ta Ikko. Ƙungiyoyi 20 ke shiga gasar, kowace ta buga wasa 38, huɗun da suka zo ƙarshe a sallame su. Ga Katsinawa abin ya yi ciwo, domin sai a kakar 2017 ƙungiyarsu ta dawo cikin manya bayan doguwar ɓata. Ga Kanawa kuwa abin ya wuce ciwo ya zama abin kunya. Pillars ce fa ta ɗauki kofin gasar a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. Ita ce a 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. A 2019 ma ta ci kofin ƙalubale. Shekara uku bayan haka sai ga ta a ƙasa.

A irin wannan lokaci ra'ayin magoya baya yakan kasu gida uku, kuma kowa a cikinmu ya san gidan da yake.

Gida na farko shi ne na masu cewa koci ne. Bai iya zaɓen 'yan wasa ba, bai san lokacin canji ba, ya ajiye gwani a benci ya sa ɗan gidansa, a kore shi kawai a huta. Wani lokaci gaskiya suke faɗi, gama akwai mai horarwa da aikin ya fi ƙarfinsa. Amma ya kamata mu tambayi kanmu, wata nawa aka ba shi? A ƙasar nan ba abin mamaki ba ne ƙungiya ta canza masu horarwa biyu ko uku cikin kaka guda, kowane ya zo ya tarar da 'yan wasan da ba shi ya zaɓa ba, ya tafi kafin ya gama sanin sunayensu. Ku da kuke kallon ƙwallon Ingila kun san Alex Ferguson ya karɓi Manchester United a 1986, bai ɗauki kofin komai ba sai 1990, kofin gasar ƙasa kuwa sai 1993. A tsakani magoya baya sun sha neman a kore shi. A gida ma, Clemens Westerhof ya karɓi ƙungiyar Nijeriya a 1989, sai a 1994 ya ciyo kofin Afirka a Tunisiya, ya kuma kai mu gasar duniya karo na farko. Shekara biyar ke nan. Mu manoma ne, mun san wanda ya shuka auduga yau ba ya zuwa da buhu gobe, kuma wanda ke tone iri kowane mako don ya ga ko ya tsiro ba zai ga kaka ba.

Gida na biyu shi ne na masu cewa 'yan wasa ne. Ba su da kishi, sun tsufa, sun sayar da wasa, kuɗi kawai suka sani. A nan ma akwai ƙamshin gaskiya, don ba a rasa malalaci a kowace sana'a. Sai dai mai wannan magana yakan manta yadda ɗan wasan gasar gida ke rayuwa. Sanannen abu ne cewa a ƙungiyoyi da dama na ƙasar nan albashi da alawus sukan yi watanni ba su fito ba. Ɗan wasa yakan kwana a mota daga Arewa zuwa Fatakwal ko Uyo, ya sauka da kumburarriyar ƙafa, washegari a ce ya shiga fili ya yi minti 90. In ya karye, sau da yawa shi da iyayensa ne. Ku ma'aikata da ke cikin wannan ɗaki, in an riƙe albashinku wata uku, sa'an nan mutum dubu goma suka taru suna yi muku ihu don takarda ta yi latti a teburinku, yaya za ku ji? Ban ce kada a soki ɗan wasa ba. Na ce kafin a tambaye shi ina ƙwallon da bai ci ba, a tambaya ko an ba shi hakkinsa.

Gida na uku shi ne na masu cewa alƙalan wasa ne, an haɗa baki ne, ba a son mu ne. Wannan shi ne ra'ayin da ya fi daɗin faɗi, domin ba ya ɗora wa kowa namu nauyi, kuma shi ne ya fi haɗari. Lalle alƙalanci a gasar gida ya daɗe da shan suka, kuma an daɗe ana ganin cin wasa a gidan wani kamar abin al'ajabi. Pillars kanta ta yi shekara 12 ba a ci ta a gida a wasan gasa ba, sai a 2015 Nasarawa United ta karya wannan tarihi a Kano. Amma jama'ar da ta saba da cewa wasan gida hakkinta ne, ranar da aka yi kunnen doki sai ta ga an zalunce ta, daga nan kuma sai duwatsu.

To, ga abin da duwatsu suka haifar. A watan Afrilu na 2022 Katsina United ta je Kano wasa da Pillars a filin Sani Abacha. Rikici ya tashi, wasa ya watse, aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasa ta zabge wa Pillars maki uku, ta ci ta tarar naira miliyan 9, ta kuma mai da wasanninta na gida zuwa Abuja. Maki uku ladan cin wasa guda ne cur. Ba koci ne ya zubar da su ba, ba mai tsaron gida ba ne, ba kuma alƙali ba. Masoya ne da hannunsu, a kakar da ƙungiyarsu ke neman kowane maki ruwa a jallo. A ƙarshe da mai jifa da wanda aka jefa duk rami ɗaya suka faɗa. Ƙungiyoyin biyu sun dawo babbar gasa a 2023, amma darasin bai zauna ba, gama a watan Oktoba na 2025, bayan wasan Pillars da Shooting Stars ta Ibadan, 'yan kallo suka sake kutsawa fili, aka sake cire maki uku.

'Yan'uwa, kun lura cewa duk gidajen nan uku akwai wanda ba su cika ambata ba? Shi ne mai gonar. Katsina United ta gwamnatin Jihar Katsina ce, Pillars ta gwamnatin Jihar Kano ce, haka kuma galibin ƙungiyoyin babbar gasa. Gwamnati ke naɗa shugabannin ƙungiya, ita ke sauke su, daga baitulmali kuɗi ke fitowa. Ma'anar wannan ita ce tsarin ƙungiya yana bin tsarin siyasa: in an yi sabon mulki a yi sabon kwamiti, sabon kwamiti ya kawo sabon koci, sabon koci ya nemi sababbin 'yan wasa. Kuɗi kuwa sai takarda ta bi ofis-ofis, alhali gasa ba ta jiran sa hannu. Wannan shi ne jakin. Koci da ɗan wasa da alƙali taiki ne, su ake gani a fili, su hannu ke kaiwa gare su, don haka su ke shan duka.

Ba ina nufin mallakar 'yan kasuwa ita ce magani ba. Tarihi ya nuna mana ɗaya gefen. Mighty Jets ta Jos ita ta ɗauki kofin gasar ƙasa na farko a 1972. Raccah Rovers ta Kano ta ɗauka a 1978. Ranchers Bees ta Kaduna ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofuna a 1988. Ƙanenmu da yawa ba su taɓa jin wasu daga cikin sunayen nan ba, domin ƙungiyar da ta dogara ga aljihun mutum ɗaya ko kamfani ɗaya, ranar da aljihun ya bushe ita ma ta bushe. Ko gwamnati ko attajiri, tambayar ɗaya ce: akwai tsarin da zai rayu bayan mai kujera ya tashi?

Saboda haka ina kira gare mu da mu canza irin tambayoyinmu. Maimakon wa za a kora, mu tambaya: nawa aka ware wa ƙungiya a kasafin bana, nawa aka saki, a wane wata? Shekara nawa ne a kwantiragin koci? Ina kuɗin ƙofa ke shiga, ina kuɗin ɗan wasan da aka sayar? Akwai ƙaramar ƙungiya da ake renon yara? Wane ne ke zuwa filayen makarantun Musawa da Matazu da Bakori da Ƙafur ya ga yaran da ke buga tamaula da yamma ba takalmi? Kuɗin nan na jama'a ne, daga asusu ɗaya suke fitowa da kuɗin asibiti da na makaranta, don haka tambayar ba shisshigi ba ce, hakki ne. Gyara kayanka kuwa bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Akwai kuma tambayar da za mu yi wa kanmu, tun da laifi tudu ne. Mu nawa ne a nan muka taɓa biyan kuɗin mota zuwa Katsina, muka sayi tikiti da kuɗinmu, muka shiga filin Muhammadu Dikko? Da yawanmu mun san 'yan benci na Arsenal da Barcelona, muna biyan mai gidan kallo kowane mako ba fashi, amma ba za mu iya kawo sunan mutum biyar a ƙungiyar jiharmu ba, sai ranar da ta faɗi mu fito da hukunci. Mai wannan hali ɗan kallo ne, bai kai magoyin baya ba tukuna.

A Amurka akwai wani wasa da ake kira besbol, na sanda da ƙwallo, wanda suke ji da shi kamar yadda muke ji da tamaula. Wata ƙungiyarsu, Chicago Cubs, ta ci babban kofi a 1908, ba ta sake ci ba sai 2016, shekara 108. Kakanni suka mutu, jikoki suka gaji kujerunsu, suna gunaguni, suna sukar shugabanni, amma ba su daina zuwa ba. Mu ma muna da namu gadon haƙurin. Katsina United ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale sau uku a jere, 1995 da 1996 da 1997, duk ukun aka doke ta, a hannun Shooting Stars da Julius Berger da BCC Lions. Wanda ya ce wannan abin kunya ne bai san wuyar kaiwa can ba. Jihar da a lokacin ba ta wuce shekara goma da kafuwa ba ta yi haka, to me zai hana a sake, in an gyara tsari?

Shugaban taro, 'yan'uwa, wasu daga cikinku gobe su ne za su zauna a ma'aikatar wasanni, ko ta kuɗi, ko majalisa, takardar albashin ɗan wasa ta biyo ta teburinsu. Ranar nan ku tuna da abin da kuke faɗi yau a wurin mai shayi, kada ku bar ta ta kwana. Sauranmu kuma mu riƙe bakinmu da kaifinsa, amma mu san inda za mu nufa da shi, mu bar duwatsu a ƙasa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.