DAGA SAUKA ZUWA TSAYAWA DA ƘAFA: HAƘƘIN MATASA A KAN DUKIYAR IKHWANI

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na 'yan'uwa

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya raya mu har muka sake haɗuwa a wannan wuri mai albarka. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda ya tashi maraya Ubangijinsa ya tattare shi, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



GABATARWA

Bayan haka, an umarce ni da in yi magana a kan taimakon matasa, wato yadda sadakar al'umma za ta kai yaro ga ilimi, ta kai shi ga sana'a, har ya zama magidanci mai riƙon kansa. Ba na shakkar cewa jama'armu masu bayarwa ne. Duk wanda ya ga tukwanen da aka ɗora domin wannan taro, da gidajen da aka buɗe wa baƙi, ya san hannun ikhwani a sake yake. Abin da nake so mu duba a yau shi ne inda kyautar take tsayawa. Mun iya ciyar da yaro, amma ba mu cika raka shi zuwa inda zai ciyar da kansa ba.

INDA MUKE SAKIN HANNUN YARO

Ya ku 'yan'uwa, ku dubi rayuwar almajiri a tsangaya. Yana kolo, kowa na tausaya masa, matan unguwa na zuba masa tuwo a kwano. Ya zama titibiri, har yanzu yana samun uwar ɗaki da ke tuna shi. Amma ranar da ya zama gardi, ya yi sauka, aka yi walima aka watse, daga nan babu mai tambayar inda ya kwana. Ya girmi bara, ba shi da sana'a, ba shi da takardar da zai nuna a ofis. Haka ɗan boko maraya da ya kai ajin ƙarshe na sakandare, kuɗin jarrabawa ya gagara, shekara goma sha biyu na karatu suka tsaya a ƙofa. Haka yarinyar da aka cire daga makaranta aka ɗora mata talla domin a tara kuɗin kayan ɗaki.

Waɗannan shekaru, daga sha biyar zuwa ashirin da biyar, su ne mafi hatsari a rayuwar ɗan Adam, kuma su ne muka fi sakaci da su. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta wannan tsaga ce dillalin ƙwaya ke shigowa, da ɗan siyasar da ke neman 'yan jagaliya, da mai ɗibar samari zuwa daji, da mai yi musu romon baka su bi ta Agadas su keta sahara zuwa Libiya. Kowanne daga cikinsu yana zuwa wa saurayi da abin da mu ba mu zo masa da shi ba: abin sawa a aljihu, da jin cewa shi ma wani ne.

Matsalar ba ƙarama ba ce. A shekarar 2022 hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa yara da matasan da ba sa zuwa makaranta a Nijeriya sun kai kimanin miliyan 20. A 2020, lokacin annobar korona, mun ga yadda gwamnonin Arewa suka riƙa ɗura almajirai a motoci suna mayar da su jihohinsu na asali. Hukuma ta yi nata yunƙurin: a 2012 aka buɗe makarantar tsangaya ta zamani a Gagi da ke Sakkwato, aka gina irinta fiye da 150 a ƙasar nan, sai dai da yawa daga cikinsu sun lalace saboda rashin kulawa. A 2023 kuma aka kafa hukumar ƙasa mai kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa makaranta. Muna yi wa masu mulki fatan alheri. Amma darasin a bayyane yake: gini ba ya renon yaro, mutum ne ke renon yaro.

MA'AUNIN DA ADDINI YA BA MU

A aya ta 6 ta Suratun Nisa'i, Allah Maɗaukakin Sarki ya umarci masu riƙon marayu da su riƙa jarraba su har su isa aure, kuma kada a miƙa musu dukiyarsu sai an ga shiriya tattare da su. Malamanmu na Malikiyya sun fassara wannan shiriya da iya tsare dukiya da kyautata juya ta. Ashe ke nan aikin mai riƙo bai ƙare ba don yaro ya balaga. Yana ƙarewa ne ranar da yaro ya iya riƙe kansa. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata mu ɗora kowane taimako a kansa.

Imamu Abu Dawuda ya ruwaito daga Anas ɗan Malik (R.A.) labarin wani mutumin Madina da ya zo roƙo wurin Manzon Allah (S.A.W.). Aka tambaye shi abin da ya mallaka a gida, ya kawo wata shimfiɗa da ƙwaryar shan ruwa. Manzon Allah (S.A.W.) ya yi gwanjonsu a cikin sahabbai, aka saya dirhami biyu. Ya umarce shi da ya sayi abinci ga iyalinsa da ɗaya, ya sayo ruwan gatari da ɗayan. Da ya kawo, Shugaban Halitta da hannunsa mai albarka ya sa masa ƙota, ya tura shi saran itace, ya yanka masa kwana goma sha biyar. Mutumin ya dawo da dirhami goma.

Ku lura da abubuwa huɗu a nan. An binciki halinsa tukuna. An toshe yunwar gida, domin mai jin yunwa cinye jari yake yi. An ba shi kayan aiki. Sannan aka sa masa wa'adi domin a ga sakamako. Duk wata ƙungiyar agaji da ta rasa ɗaya daga cikin huɗun nan, aikinta gurgu ne. Kakanninmu sun taƙaita zancen da suka ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

ABIN DA MAGABATA SUKA GINA

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a gare mu. Masallacin Ƙarawiyyin da ke Fas, wanda ya zama matattarar ilimi fiye da shekara dubu, wata baiwar Allah ce, Fatima al-Fihriyya, ta assasa shi da dukiyar gadonta a shekarar 859 Miladiyya. A ƙarni na 13, kamar yadda masanin tarihi al-Maƙrizi ya ambata, mutanen Kanem sun ba da kuɗi aka gina makarantar Malikiyya ta Ibnu Rashiƙ a Masar, suka ci gaba da aika mata da dukiya. Daga baya ɗaliban Barno suka sami ruwaƙi nasu a Azhar, inda suke kwana suna karatu a kan dukiyar wakafi. Mutanen ƙasashenmu ne suka yi wannan, a zamanin da ake keta sahara a kan raƙumi.

A nan gida, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya yi wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje nasiha da ya raya masu sana'a a ƙasarsa, irin su manoma da maƙera da maɗinka da marina da masassaƙa. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana horar da jajis suna kai ilimi ga matan karkara.

A Senegal kuwa, almajiran Shehu Ahmadu Bamba, wanda ya rasu a 1927, sun kafa gidajen tarbiyya inda saurayi ke haɗa ibada da aikin gona na wasu shekaru, idan ya kammala shehinsa ya sallame shi da gona, sau da yawa har ya yi masa aure. Ba sallamar baki ake yi masa ba. Mu ma muna da irin wannan a kasuwanninmu. A Kantin Kwari da Kurmi da Ƙofar Wambai, ubangida na ƙwarai shi ne wanda idan yaronsa ya yi shekaru yana hidima, zai yanka masa jari ya buɗe masa rumfa. Attajirai nawa ne a cikin wannan taro da ta haka suka fara?

DAGA INA DUKIYAR ZA TA FITO?

Taska ta farko ita ce zakka. Wanda ya mallaki nisabi, wato kimar zinariya gram 85 ko kusa da haka, shekara ta zagayo masa, zai fitar da ɗaya cikin arba'in. Manomi kuwa ushiri ne idan ruwan sama ya shayar, rabin ushiri idan da wahala aka yi ban-ruwa. Abin da muka saba shi ne a kakkarya zakkar a raba wa mutum ɗari, kowa ya sami abin cefanen yini biyu. Alhali a mazhabarmu ya halatta a ba mabuƙaci ɗaya abin da zai ishe shi shekara guda, kuma Imamun Nawawi, daga malaman Shafi'iyya, ya bayyana cewa mai sana'a a ba shi abin da zai sayi kayan sana'arsa. Keken ɗinki ɗaya a hannun gardi ya fi ambulan ɗari da za a manta da su kafin Juma'a. Jihohi irin su Zamfara da Sakkwato suna da hukumomin zakka, Kano ma ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, ya kamata zawiyoyinmu su riƙa gabatar musu da sunayen matasan da suka cancanta.

Taska ta biyu ita ce wakafi, ko hubusi. Sayyidina Umar (R.A.) ya tsare gonarsa ta Khaibara, ba a sayarwa ba a gado, amfaninta na tafiya ga mabuƙata. Mazhabar Imamu Malik ta yalwata wannan ƙofa ƙwarai: ana iya yin wakafi na ɗan lokaci, ana iya yin wakafin abin da ake ɗauka kamar littattafai da kayan aiki, har ma da kuɗi domin a riƙa ba da rance marar ruwa. Saboda haka mai shago zai iya cewa hayar shagon nan ta shekara biyar ta marayu ce. Ba sai mutum ya zama hamshaƙi ba.

Taska ta uku ita ce ɗan abin da ke aljihunmu. A misali, zawiya mai mutum 200, idan kowa ya ajiye naira 500 duk Juma'a, an sami naira 100,000 a mako, fiye da miliyan 5 a shekara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ga hannuwa nan Allah ya tara.

SHAWARWARI

Na ɗaya, kowace zawiya ta buɗe littafi ta rubuta matasanta, maza da mata: shekarunsu, inda karatunsu ya tsaya, da abin da kowa ke sha'awar koya. Wanda ba a san shi ba, ba a iya taimakonsa.

Na biyu, a fara biyan kuɗin jarrabawar WAEC da NECO da NBAIS da JAMB ga marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi, domin kuɗi ne kaɗan da ke buɗe ƙofa babba. Gardawa kuma a buɗe musu ajin dare na karatu da rubutun boko da lissafi, ba tare da an taɓa lokacin allonsu ba. 'Ya'yanmu mata masu ƙwazo a tsaya musu su karanci aikin jinya da ungozomanci da koyarwa, domin matanmu na buƙatarsu.

Na uku, duk mai sana'a a cikin ikhwani, tela ne ko kafinta ko bakanike ko mai walda ko mai gyaran waya ko mai haɗa wutar sola, ya karɓi yaro ɗaya. A rubuta yarjejeniya a gaban muƙaddami: shekara nawa, wa zai ciyar, da abin da za a sallame shi da shi. Zawiya ta ɗauki nauyin kayan aikin sallama.

Na huɗu, kowane yaro a haɗa shi da dattijo guda da zai riƙa bibiyarsa ko da sau ɗaya a wata. Mu ne muka fi kowa sanin cewa mai tafiya ba ya isa sai da jagora.

Na biyar, mu sauƙaƙa aure. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabarmu rubu'in dinari ne. Lefe da gara da gasar kayan ɗaki mu muka ɗora wa kanmu. Shugabanni su fara da 'ya'yansu, mabiya za su bi.

Na shida, a tsare amana da mutunci. Kuɗin asusu a sa shi a banki da sa hannun mutum uku, a karanta lissafi a bainar jama'a duk shekara. Kada a jera marayu ana ɗaukar hotonsu domin an ba su abu. Kada a fifita ɗan wane a kan ɗan talaka, kuma kada a tambayi maƙwabci mabuƙaci wace ɗariƙa yake bi. Ɗa na kowa ne.

KAMMALAWA

Ya ku ikhwani, shehunanmu sun karantar da mu cewa hidima ga bayin Allah tana daga cikin manyan ƙofofin kusanci gare shi. Idan Allah ya kai mu taron baɗi, ina roƙon a ware lokaci kowane muƙaddami ya miƙe ya gaya mana matasa nawa zawiyarsa ta zaunar da jarrabawa, nawa ta sallama da kayan aiki, nawa ta aurar. Wanda ya zo da mutum uku kada ya ji kunya. Sannu ba ta hana zuwa.

Ku kuma samari da 'yan mata, ku sani abin da za a ba ku amana ce. Wanda aka ɗauka a bana, ya ƙudurta cewa wata rana shi ma zai ɗauki wani.

Allah ya shiryi zuriyarmu, ya ba su ilimi mai amfani da sana'a ta halal da abokan zama na gari. Ya jiƙan shehunanmu da iyayenmu da suka riga mu, ya saka wa masu bayarwa da mafificin alheri, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci, albarkar Annabi Muhammadu (S.A.W.). Amin.