Tsohuwar kwamfuta ba ta mutu ba: abin da za a duba kafin a kashe kuɗi

Wannan shi ne jawabin da masu kula da ɗakin kwamfuta na sansani suka yi wa iyaye da matasa a rumfar taro. An buga shi domin waɗanda ba su samu zuwa ba. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa maƙwabcinsa.

Mun san wasu sun baro layin ruwa, wasu sun baro tukunya a kan murhu, don haka ba za mu riƙe ku ba.

Kusan kowane mako sai wani ya shigo ɗakinmu da tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka a hammata. Wata a cikin buhun kaya aka fito da ita ranar da aka baro gida, wata ɗan uwa ne ya aiko, wata kuma a gwanjo aka saye ta a cikin gari. Maganar ɗaya ce: "Ta mutu", ko "Shafi ɗaya sai ta yi rabin awa ba ta buɗe ba." Wasu sun sayar da tasu a kuɗin ƙarfen bola. Wani uba a cikinmu ya sayar da akuyarsa ya sayo wa ɗansa kayan gyara, aka zo sa wa ya ƙi shiga, mai shagon kuma ya ce abin da ya fita ba ya dawowa. Wannan asarar ce ta sa muka tara ku yau.

Me muke nema a wajen kwamfuta? Yaro ya duba sakamakon jarrabawa, a cike takardar neman makaranta, a rubuta wasiƙa, a aika saƙon imel, a karanta labarin gida, a kalli darasi. Duk wannan ba ya buƙatar sabuwa fil. Kwamfutar da aka ƙera wajen 2011 zuwa sama, mai ɗauke da tambarin Core i3 ko Core i5, za ta yi shi idan an kula da ita. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Dalilin nauyinta

Ku ɗauki kwamfuta kamar gidan manomi. Akwai rumbu inda ake ajiye komai, shi ne faifan ajiya, wanda masu gyara ke cewa had-dis. Akwai tabarmar da ake baza abin da ake aiki a kansa yanzu, ita ce ake kira RAM. Sai mai aikin kansa, wato furosesa. Shafukan intanet na yau sun fi na shekara goma da suka wuce nauyi ƙwarai, saboda hotuna da bidiyo da tallace-tallace. Idan tabarma ta yi ƙanƙanta, mai aiki zai yi ta safa da marwa tsakaninta da rumbu. Idan ƙofar rumbun ma tana da wuyar buɗewa, sai aiki ya tsaya. Mafi yawan lokaci mai aikin lafiyarsa lau. Tabarma da rumbu ne matsalar, su kuma ana iya canja su.

Ga jerin da muke bi. Mun faro daga abin da ba ya cin ko sisi, kuma muna roƙon kada a tsallake.

Na ɗaya: ƙura da zafi

Kun san ƙurar hunturu a nan da zafin bazara a cikin tanti. A cikin kwamfuta akwai 'yar fanka da ke fitar da zafi. Idan ƙura ta toshe mata hanya, kwamfutar da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, wani lokaci ma ta ɗauke ɗif. Ku kashe ta, ku zare caja, ku cire batir idan mai fita ne, ku share ramukan iska da busasshen buroshi. Kada ruwa ya matso kusa, kada kuma a hura da baki, domin akwai danshi a numfashi. Idan za a yi aiki, a ɗora ta kan allo ko katako. Katifa da bargo suna toshe mata hanci. In an gama, a bari ta huce sannan a lulluɓe ta da ƙyalle.

Na biyu: agogo

Wannan ya ruɗa mutane da dama. Intanet tana nan, amma kowane shafi aka buɗe sai a ga gargaɗin cewa babu tsaro. Ku dubi kwanan wata a ƙasan allon kwamfutar. Idan ya koma shekarun baya, ƙaramin batir ɗin da ke riƙe agogo ne ya ƙare. Faɗinsa kamar kwabo yake, galibi an rubuta CR2032 a jikinsa, kuma masu gyaran agogo suna sayar da shi. A wasu kwamfutocin tafi-da-gidanka yana naɗe cikin roba da 'yar waya, sai a nemi irinsa. Kafin a samu, a gyara kwanan wata da hannu duk lokacin da aka kunna, shafuka za su buɗe.

Na uku: ƙara RAM

Mai gigabayit 2 tana shan wuya da intanet ta yau. Gigabayit 4 ya wadatar da aikin yau da kullum, 8 kuma sai ka manta tsohuwa ce. A Windows 10, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, za ka ga nawa kake da shi da nawa ake amfani da shi.

A nan aka fi yin asara, saboda RAM iri-iri ne: akwai DDR2, DDR3 da DDR4. Kowanne yana da ɗan tsagi a ƙasansa, kuma tsagin ba wuri ɗaya yake ba, don haka wani ba ya shiga ramin wani. Na kwamfutar tebur dogo ne, na tafi-da-gidanka gajere. Akwai kuma DDR3L, mai cin bolt 1.35 maimakon 1.5, kuma wasu kwamfutocin shi kaɗai suke karɓa. A wasu sirara ma an liƙe shi da dalma, ba ya fita balle a ƙara. Shawararmu ita ce ka tafi da kwamfutar kanta wajen mai kaya, a sa a gabanka, a kunna, ka ga adadin ya ƙaru, sannan ka biya. Sai kuma abu ɗaya: idan Windows ɗinka mai bit 32 ce, ba za ta yi amfani da abin da ya wuce gigabayit 3 da 'yan kai ba, ko nawa ka zuba mata. Sai an sa mai bit 64.

Wanda zai sa da hannunsa, ya cire wuta da batir, ya taɓa wani ƙarfe tukuna don ya sauke lantarkin jikinsa, ya riƙe RAM ɗin ta gefe, kada ya taɓa haƙoran masu ruwan zinariya.

Na huɗu: canja faifan ajiya

Tsohon had-dis yana da faifai mai juyawa a ciki, galibi sau 5400 a minti ɗaya, da wata allura mai karanta shi. Shi ya sa yake jinkiri, kuma faɗuwa ɗaya tana iya kashe shi. Wanda ake kira SSD ba abin da ke motsi a cikinsa, ya fi sauri nesa ba kusa ba, ya fi jure jijjigar hanya, kuma bai kai shi cin wuta ba. Wanda ke shiga tsofaffin kwamfutoci shi ne SATA mai inci 2.5. Na gigabayit 120 ko 128 ya ishi iyali. Idan kuɗinka na abu ɗaya ne kuma kana da RAM gigabayit 4, to SSD za ka saya.

Kafin a taɓa komai, a kwashe hotuna da takardu zuwa filash. Wasunmu hotunan da ke cikin waɗannan kwamfutoci su kaɗai suka rage musu na gida da na waɗanda suka rasu. Kada ka bar wa mai gyara tsohon faifanka. Ka karɓo shi, akwai 'yar kwankon da ake saka shi a ciki ya zama ma'ajiya ta waje.

Na biyar: babbar manhaja

Kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows XP gyaran tsaro a 2014, Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025. Kwamfutar za ta ci gaba da kunnuwa, amma ta zama ɗakin da ba a gyara masa ƙyaure. Windows 11 kuwa yawancin tsofaffin kwamfutoci ba su cika sharuɗɗanta ba. Mafita ita ce Linux, wadda kyauta ce, ba sata ba. Linux Mint da Lubuntu ba su da nauyi, ana ci gaba da sabunta su, kuma suna zuwa da Firefox da manhajar rubuta wasiƙa. Ana iya gwada su daga filash ba tare da an goge komai ba, in ta yi maka sai a girka. Ku guji kwafin Windows na sata, domin sau da yawa da cuta a cikinsa.

Wadda ta tsufa sosai fa? Mai RAM gigabayit 1 ta zamanin XP, kada a zuba mata kuɗi. A bar ta yara su koyi buga rubutu a kanta. Ana kuma iya sa wa kwamfuta Kiwix, manhajar da ke buɗe Wikipedia, har da ta Hausa, ba tare da intanet ba.

Yadda za a lallaɓa ta

Kada a buɗe shafuka goma lokaci ɗaya, biyu ko uku sun isa. Bidiyon darasi a rage shi zuwa 240p ko 360p, murya za ta fita, data kuma ta yi auki. A Firefox ana iya sa uBlock Origin, mai tare tallace-tallace, shafi ya yi sauƙi. Ga waɗanda suka saba da madannan Najeriya: yawancin kwamfutocin kasuwar nan na tsarin Faransanci ne, layin farko ya fara da AZERTY maimakon QWERTY. Idan ka danna A ka ga Q, ba lalacewa ba ce, a saitin harshe ake gyarawa. Ka lura da wannan sosai lokacin rubuta kalmar sirri.

Wuta da gobara

Wannan ya shafi rai. Batir ɗin da ya kumbura har ya ɗaga madannai yana iya kamawa da wuta, kuma kun san yadda wuta ke cin tanti. A daina cajinsa nan take, kada a huda shi, kada a jefa shi a murhu ko ramin shara, a kawo mana. Yawancin kwamfutoci suna aiki da caja kaɗai ba batir. Caja kuma a duba bolt ɗin da ke jikinta ya dace da wanda aka rubuta a ƙarƙashin kwamfutar, galibi 19 ne ko 19.5. Shigar baki kawai bai isa ba. Araha ba ta ado. Kada a bar caji a kan shimfiɗa a yi barci. Masu ƙaramin sola su sani kwamfutar tebur da allonta ta fi tafi-da-gidanka cin wuta sosai. Yara kuma kada su ƙona tsofaffin wayoyi da allunan ciki don neman jan ƙarfe, hayaƙin guba ne.

Sirrinku

A kwamfutar da mutane da yawa ke amfani da ita, kada ka yarda ta adana kalmar sirrinka, kuma ka fita daga imel da Facebook da WhatsApp kafin ka tashi. Kada ka bar hoton takardar rajistarka a ciki. Duk wanda ya rubuto maka a intanet ya ce ka biya kuɗi a sa sunanka cikin masu tafiya wata ƙasa, ɗan damfara ne. Ayyukan Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda a nan ake kira HCR, duk kyauta ne. Haka ma neman dangin da aka rabu da su ta hannun Red Cross. In ka ga irin wannan saƙo, ka kai shi ofishin kariya.

A ƙarshe, wanda ke da tsohuwar kwamfuta ya kawo ta ɗakinmu tare da cajarta kafin ya sayi komai. Za mu buɗe ta a gabansa, mu rubuta masa ainihin abin da take buƙata a takarda. In ba ta gyaruwa, za mu gaya masa gaskiya. Ba ma karɓar kuɗi. Ranakun dubawa suna manne a ƙofar ɗakin. Iyayenmu mata, ku turo mana 'yan mata su ma su koya, sukurudireba ba ta san namiji ko mace ba, kuma sana'a ce da mutum zai koma da ita gida.

Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci. Mai tambaya ya ɗaga hannu.