Ƙwayar ƙiba ba ta ƙananan bisashe ba ce



Yau maganarmu kan ƙwayar da ake saye a kasuwa, ana jiƙa wa bisashe don su yi ƙiba. Likitoci suna ce mata deksametazon. Waɗansu suna ba ragon layya. Waɗansu har ɗan akuya da ɗan tunkiya mai shan nono suke ba. Wannan babban kuskure ne. Ga dalili.

Jikin dabba da kansa yana yin wani sinadari, a wani ɗan nama kusa da ƙoda. Kaɗan yake yi, daidai bukata. Ƙwayar nan kwaikwayonsa take yi, amma ta fi shi ƙarfi wajen sau 25.

Babban rago yana da hanta da ƙoda masu ƙarfi. Hanta tana karya magani, ƙoda tana fid da shi cikin fitsari. Jinjirin dabba fa? A makonnin farko hantarsa ba ta ƙosa ba, ƙodarsa ma haka. Tumbinsa bai fara aiki sosai ba sai ya kai wajen wata 2. Saboda haka maganin da ya haɗiye yana iya daɗewa cikin jininsa. In an ƙara masa gobe, sai ya taru.

Da farko za ka ga yana ci, yana shan ruwa da yawa, ka yi murna. Daga baya girmansa ya tsaya, ƙashinsa ya raunana. Ƙarfin jikinsa na kare cuta ya ragu, zawo da ciwon huhu su same shi. Tunkiya mai tsohon ciki kuwa, ƙwayar tana iya sa ta ɓari.

Ƙasashen Turai sun hana ƙibantar da dabbobi da irin waɗannan sinadarai tun 1988.

To, mi za mu yi?

Mu bar jinjiri ya sha dakashi tun ranar haihuwa, kada mu tatse mu zubar. Da ya fara tsinka, mu ba shi harawa, dusa, ƴaƴan gawo da ruwa mai tsabta. In ba shi da lafiya, mu nemi malamin dabbobi. Shi ya san maganin da ya dace da awonsa.

Wanda ya iya karatu, ya duba sunan ƙwaya kafin ya biya kuɗi, kuma ya karanta wa maƙwabcinsa wannan shafi.

Allah ya albarkaci kiwonmu. Sai wani jiƙo.